Zancen bindiga a Nima da Maamobi: a raba aya da tsakuwa

Da zarar an ji labarin an tare mai momo, wato mai tura kuɗi ta waya, an harbe shi, ko an fasa shagon canjin kuɗi, sai zancen bindiga ya tashi a majalisun matasa daga Nima har Maamobi. Ana zuba ataya ana musu. Wannan ya ce Glock ta fi kowace ƙaramar bindiga, wancan ya ce libarba ce ba ta cijewa, wani kuma ya zaro waya ya nuna bidiyon wani Ba'amurke da ya jera bindigogi a kan tebur yana cewa riƙe makami haƙƙin kowa ne. Tsoron da ke haifar da wannan musu na gaske ne, ba na raina shi. Sai dai kaso mai yawa na abin da ake faɗa daga wata ƙasa mai wata doka aka kwaso shi, saura kuma jita-jita ce da aka yi ta maimaitawa har ta zauna a kunne. Wanda ya yi aiki da ita yana iya ƙarewa a gidan yarin Nsawam, ko a maƙabarta.

Babbar ƙaryar ita ce wai kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin mallakar bindiga. A Amurka haka ne. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ambaci riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. Tsarin mulkin Ghana na 1992 bai ba kowa wannan ba. A nan izini ne hukuma ke bayarwa, tana iya hanawa, tana iya janyewa. Dokar makamai ta 1962 da dokar soja ta 1972 mai lamba NRCD 9 su ne tushen tsarin rajista da lasisi. Sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 kuwa ya sa mallakar bindiga ko harsashi ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuka masu daraja ta farko, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ɗaurin rai da rai. A lura da abu biyu a nan. Harsashi kaɗai, ko babu bindiga, ya isa a gurfanar da mutum. Sannan wanda aka kama da shi, shi ne zai kawo hujjar cewa yana da dalili na halal.

Akwai masu juya maganar su ce ai farar hula ba ya samun lasisin fistol ko kaɗan, sai manya. Wannan rabin gaskiya ce. Doka ta bar ƙofa: baligi mai hankali, wanda ba shi da tarihin laifi, yana iya nema, 'yan sanda su bincike shi, a yi wa bindigar rajista da lambarta. Neman ƙaramar bindiga ya fi na bindigar farauta wuya, domin sai ya bi ta Ma'aikatar Cikin Gida. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce hanyar tana da tsawo, tana cin kuɗi da lokaci, kuma mai hali ya fi talaka iya bin ta. Amma bindigar yaƙi irin AK-47 ba a yi wa farar hula lasisinta, komai kuɗinsa. Duk wanda ya nuna maka ita ya ce yana da takarda, ka tashi daga wurin.

Inda mutanen kirki suka fi faɗawa rami shi ne batun gado. Gidajen Zango da dama suna da tsohuwar bindiga a ƙasan adaka ko bayan kwaba, ta Baba ko ta Kaka, wanda ya yi farauta, ko gadi, ko ya sayo ta tun yana fataucin goro da shanu. Idan ya rasu sai 'ya'ya su ce ai tana da takarda. Takardar nan da sunan mamaci aka yi ta, a kan bindiga guda mai lamba guda, kuma ba ta bin jini. Ko yana raye ma lasisin na shekara ɗaya ne, yana ƙarewa a ƙarshen Disamba, sai an sabunta. Malam zai iya ƙiyasta kuɗin bindigar ya saka cikin dukiyar da za a raba, wannan hurumin shari'a ne, amma izinin riƙe ta yana hannun 'yan sanda. Ɗan da ta faɗo a rabonsa sai ya sanar da su, ya nemi a mayar da rajistar da sunansa. Haka nan bayar da aro: ƙanenka da ka ba shi ita ya kwana a shago ba shi da lasisi don kai kana da shi, kuma idan aka kama shi kai ma za a neme ka. Binciken da Cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin wanzar da zaman lafiya ta yi a 2014 ya ƙiyasta bindigogi miliyan 2.3 a hannun farar hula a Ghana, kimanin miliyan 1.2 ne kawai aka taɓa yi wa rajista. Hukumar Kula da Ƙananan Makamai, wadda aka kafa da dokar 2007, ta sha kokawa cewa ko cikin masu rajistar kaɗan ne ke dawowa sabuntawa. Ina kyautata zaton da yawa cikinsu ba miyagu ba ne, magada ne da ba wanda ya taɓa faɗa musu.

Da yake muna da 'yan'uwa a Najeriya, saƙonnin murya na WhatsApp kan iso da labarin wai can an ba kowa damar ɗaukar bindiga. Abin da ya faru shi ne a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi lasisi don kare kansu daga 'yan bindiga. Rundunar 'yan sanda ta amsa cewa ba a janye takunkumin bayar da lasisin ba. Gwamnan jiha kuwa ba shi da ikon bayarwa. Ko da ma an ba su, dokar Gusau ba ta aiki a Akra.

Sai musun da matasa suka fi jin daɗinsa, na wace bindiga ta fi wace. Ana cewa Glock roba ce, na'urar filin jirgi ba ta ganin ta. Ƙarya ce da fina-finai suka yaɗa. Gaston Glock ya ƙera ta a Ostiriya a farkon shekarun 1980, mariƙinta da gindinta na roba mai ƙarfi ne, amma bututun da murfin sama ƙarfe ne, harsashin ma haka. Ana cewa mai ƙaramin harsashi ba ta kisa, tsoratarwa kawai take yi. Da libarba mai harsashi .22, wanda yake cikin mafi ƙanƙanta, aka kashe Robert Kennedy a 1968, da irinta kuma aka kusa kashe Shugaba Ronald Reagan a 1981. Ana cewa ƙirar gida ta fi, tunda ba ta da lamba ba za a gano mai ita ba. Gaskiya ne maƙeranmu sun ƙware, sunan Alavanyo a yankin Volta ya daɗe da fita a wannan sana'a, amma ƙera ta ba da izini ba laifi ne, riƙe ta ma laifi ne, ba sai an harba ba. Ƙarfen da aka yi ta da shi kuma ba wanda ya gwada ƙarfinsa, yana iya tsagewa a hannun mai harbi. Ta roba ta wasan yara ma ba ta kuɓutar da kowa: wanda ya tsorata mutum da ita ya karɓe masa waya ya yi fashi, kuma mafi ƙarancin hukuncin fashi a Ghana shekara 10 ne, idan da makami 15.

Maganin bindiga ba ya buƙatar dogon bayani. A 2001 kafofin labarai sun ruwaito yadda wani saurayi a wani ƙauye a arewacin Ghana ya yi kwanaki yana shafa haɗin boka, ya ce abokinsa ya gwada shi, harbi ɗaya ya mutu. Addu'a tana da matsayinta a wurin mumini, amma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa sulke a yaƙin Uhudu.

Harbin murna kuma, a ɗaurin aure ko naɗin sarauta ko ranar Salla, ana ɗaukarsa ado, wai ai sama aka harba, ko albarushi ne zalla. Harsashin da ya tashi sai ya sauko, kuma a unguwa mai cunkoso irin tamu, inda kwano ke manne da kwano, da wuya ya faɗi inda ba kowa. Albarushi zalla ma yana illa. A Disamban 2024, a wajen bikin gargajiya a Dormaa, an harba bindigar toka kusa da fuskar ɗan jarida Kofi Adomah, idonsa ya ji mummunan rauni har sai da aka fita da shi waje neman magani. Harbi a cikin gari ba tare da larura ba laifi ne a doka, ko mai lasisi ne ya yi.

To, bindiga a ɗaki tana kare iyali? Wani lokaci tana yi, kuma dokar Ghana ta yarda da kare kai, har da kisa idan larura ta kai matuƙa. Kotu ce za ta auna matuƙar, kuma harbin ɓarawon da ya riga ya juya yana gudu da wuya ya shiga ciki. Ƙasar da ake yawan kawo mana misali da ita ta fi kowa bindiga: ƙiyasin 2017 ya ba Amurka kimanin bindiga 120 ga kowane mutum 100, Ghana kuwa 8. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. A gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya, inda yara ke shiga ko'ina, kuma faɗan kishiyoyi da na 'yan haya ba ya ƙarewa, bindigar tana nan kowace rana, ɗan fashi kuwa wataƙila bai taɓa zuwa ba.

Akwai jita-jitar da ba mu muke yaɗa ta ba, a kanmu ake yaɗa ta: wai Zango ne rumbun makaman Ghana. Ba zan ce unguwarmu fes take ba. A Janairun 2022 ƙungiyoyin matasa biyu sun yi arangama da bindigogi da adduna a tsakanin Nima da Maamobi da rana tsaka, duniya ta ga bidiyon, kuma mazauna unguwar ne suka fi kowa shan wahalarsa. Amma bindigogi miliyan biyu da ɗoriya ba a lungunan Nima suke ba. Suna gonaki, da wuraren haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da hannun masu gadin filaye a gefen Akra, da rikicin sarauta irin na Bawku. Wannan tambari da aka buga wa Zango yana cin rai. A Yulin 2018 'yan sanda sun harbe matasan Zango bakwai daga Asawase a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalan diyya. Duk saurayin da ya ɗauki hoto da fistol ya saka a TikTok yana ƙara wa wannan tambari ƙarfi, kuma ƙannensa ne za su biya a shingen bincike.

A siyasa ma ana haɗa abin da bai haɗu ba. Mutane da yawa idan suka ji harbin zaɓen cike gurbi na Ayawaso sai hankalinsu ya tafi Nima. Ranar 31 ga Janairun 2019 abin ya faru a La Bawaleshie, cikin mazaɓar Ayawaso West Wuogon, ɓangaren Legon. Nima tana Ayawaso East, Maamobi tana Ayawaso North. Kwamitin bincike na Emile Short ya gano cewa masu rufe fuska da aka gani a wurin jami'ai ne da aka turo daga ofishin tsaron ƙasa. Abin da yake gaskiya, kuma yake da ɗaci, shi ne manyan jam'iyyun biyu, NPP da NDC, sun daɗe suna ɗaukar ƙarfafan matasa, har da namu, su zama dakarunsu. Dalilin da ya sa aka yi dokar hana ƙungiyoyin daba na siyasa a 2019, mai lamba 999, ke nan, kuma ɗaurin da ta tanada yana farawa daga shekara 10. Alƙawarin "Oga zai fitar da kai" ba ya cikin dokar. Oga yana iya faɗuwa zaɓe, fayil ɗinka kuwa yana nan a ofishin masu binciken laifi.

Sauran magana ita ce afuwar miƙa makamai, wadda wasu ke cewa tarko ce. Gwamnati ta buɗe irinta a 2016, ta sake buɗewa daga 1 ga Disamban 2025 a ƙarƙashin Ministan Cikin Gida Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase, wanda shi ma ɗan Zango ne, da sharaɗin wanda ya kawo bindigarsa da kansa ba za a tuhume shi da laifin riƙe ta ba. Afuwar ta shafi riƙewa ne kawai, ba ta wanke wanda ya yi fashi ko kisa da ita. Tana kuma da ranar farawa da ranar rufewa. Wanda wa'adi ya wuce shi, kada ya naɗe bindiga a tsumma ya shiga tirotiro da ita, domin idan aka tare motar ba wanda zai saurari niyyarsa. Ya fara da lauya, ko ya sa Sarkin Zango ko limamin unguwa ya yi masa jagora, a sanar da ofishin 'yan sanda tukuna, su faɗi yadda za a kawo ta ko su zo su ɗauka, kuma kada ya baro wurin sai an ba shi takardar shaidar karɓa.