Littattafan tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina: abin da ya kamata ku sani

Da wuya a sami wanda ya yi firamare a Batsari ko Safana bai ji sunan Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba, ko da bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan littattafai da wasu 'yan uwansu daga makaranta guda suka fito, kuma makarantar nan cikin birnin Katsina take, tafiyar da ɗan Batsari zai yi da safe ya dawo kafin la'asar.

Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Manufar Turawa ita ce a horar da malaman makaranta domin lardunan Arewa. Daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na ƙasa yana nan a Katsina, an ajiye shi a matsayin wurin tarihi. Galibi idan aka ambace ta, siyasa ake tunawa: Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita, wanda kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, take ɗauke da sunansa. Ɓangaren alƙalami ba a cika maganarsa ba.

A 1933 Rupert East, wanda shi ma ya taɓa koyarwa a kwalejin kafin ya koma hukumar talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar ne suka yi fice. Uku daga ciki na mutanen kwalejin ne. Abubakar Imam, wanda ya gama a 1932 yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Malam Bello Kagara, yayan Imam, wanda yake koyar da Larabci da addini a kwalejin, ya rubuta Ganɗoki. Sauran biyun su ne Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

To ina samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya irin su Imam da Tafawa Ɓalewa suka samo wannan gwaninta? Amsar da ake yawan bayarwa ita ce Turawa suka koya musu. A ganina rabin gaskiya ke nan. Boko ya ba su haruffa da injin ɗab'i da gasa. Amma kayan da suka zuba a ciki, yawanci daga zaure suka ɗebo shi.

A Ingila, idan aka ce mutum ya yi zurfi a ilimin magabata, ana nufin ya san Latin da Girkanci. A ƙasar Hausa Larabci ne: bayan almajiri ya sauke Alƙur'ani ya bi fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala da Muhtasar, sai ya shiga lugga da adabi, ya karanta Ishiriniya, da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, da Muƙama ta Hariri. Imam ɗan gidan malamai ne, kuma duk wanda ya san Muƙama zai gane ƙamshinta a Ruwan Bagaja. A Muƙama akwai mai ba da labari wanda duk garin da ya sauka sai ya ci karo da wani hatsabibi mai fasaha, Abu Zaidu, ya sake kama. Haka Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, da Malam Zurƙe suke ta haɗuwa gari bayan gari, kowa na gwada wa ɗan uwansa wayo. Amma Zurƙe ba Balarabe ba ne sanye da babbar riga. Bakinsa, ƙaryarsa, da irin tsiyar da yake shukawa duk na kasuwarmu ne.

Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wadda ta fara fitowa a 1937, ta ma fi nuna haka. An aro Imam daga Katsina zuwa Zariya domin aikin, ya karanta labaran Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya, da na Indiya, da na Turai, ya narkar da su ya ɗora a bakin aku. Wasu suna ganin wannan aro a matsayin naƙasu. Ni ban ga haka ba, domin malaman zaure sun daɗe suna yin sharhi da tahamisi a kan aikin wasu, kuma ana auna gwani ne da abin da ya ƙara. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981.

Shaihu Umar wani launi ne daban, ba raha a cikinsa. Labarin yaro ne da bauta ta raba da uwarsa, ya ƙetare Sahara, ya dawo malami. Jarumin da ɗan boko Tafawa Ɓalewa ya zaɓa malamin zaure ne, wannan kaɗai ya ishi mai lura. An fassara shi da Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Sa'adu Zungur na Bauchi, shi ma ɗalibin kwalejin, ya bi ta hanyar waƙa, kuma karin waƙoƙinsa irin su Arewa Jamhuriya ko Mulukiya a kan ma'aunin arulin Larabci yake tafiya.

Wannan tushe ya girmi kwalejin da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 17 Katsina tana da Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667 ya bar sharhi a kan Ishiriniya. Muhammadu al-Kashinawi ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Daga kudu maso yamma kuma akwai 'Yandoto, kusa da Tsafe, garin malamai da almajirai suke nufa tun kafin jihadi.

Abin da ya shafi mutanen Batsari da Safana kai tsaye shi ne, irin wannan ilimi bai tsaya a birni ba. A gidajen limamai da alarammomi na ƙauyuka akwai gafaka da adaka cike da littattafan da kakanni suka kwafa da tawada, da waƙoƙin ajami, da wasiƙu. A shekarun nan da rashin tsaro ya tayar da garuruwa a gefen dajin Rugu, mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar takarda, abin da aka bari kuwa gara da ruwan sama ne magadansa. Littattafan Imam da Tafawa Ɓalewa suna da kamfanin NNPC na Zariya da yake sake buga su. Rubutun hannu sau da yawa kwafi ɗaya ne tak. Wanda yake da irinsa a gida zai iya ɗaukar hoton kowane shafi da waya, ya raba wa 'yan uwa biyu ko uku, ya kuma tuntuɓi Gidan Arewa da ke Kaduna ko hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, waɗanda aikinsu ne adana irin waɗannan takardu.