Yadda kwamfuta ke tsara jadawalin jarrabawa ba tare da cin karo ba

Duk wanda ya yi jami'a ya san tashin hankalin ɗalibin da aka sa masa jarrabawa biyu a lokaci ɗaya. Tsara jadawali aiki ne mai sharuɗɗa: kowane kwas na buƙatar lokaci, kuma kwas biyu masu ɗalibai ɗaya ba za su haɗu ba.

To me zai hana kwamfuta ta gwada duk hanyoyin? Ka ɗauka kwas 20 ne, lokuta 10. Jadawalolin da za a iya haɗawa sun kai 1 da sifili 20 a bayansa. Ko tana duba biliyan ɗaya a daƙiƙa, sai ta share fiye da shekara 3,000. Dole a yi dabara.

Dabara ta farko tankaɗe ce. A ɗauki kwas biyu-biyu, a cire duk lokacin da zai bar ɗayan ba wurin zama. Misali, Kemistiri ranar Litinin kaɗai zai yiwu. Lissafi na da Litinin ko Talata, amma ɗalibansu ɗaya, sai a soke masa Litinin. Shi ke nan ya zauna a Talata. Fiziks kuma, mai Talata ko Laraba, yana da ɗaliban Lissafi, don haka ya koma Laraba. Soke guda ta jawo wata. A 1977 Alan Mackworth na Jami'ar British Columbia a Kanada ya wallafa tsarin wannan aiki da ake kira AC-3.

Sai dai tankaɗe ba ya gama komai. Kwas uku masu ɗalibai ɗaya, kowanne da Litinin ko Talata: in ka duba su biyu-biyu lafiya lau, alhali ukun ba za su shiga kwana biyu ba.

Dabara ta biyu gyara ce a hankali. A fara da cikakken jadawali ko da ya cika da karo. A zaɓi kwas ɗaya mai matsala, a mai da shi lokacin da karon ya fi ƙaranci, a sake zaɓar wani, har a rasa abin gyarawa. Steven Minton da abokan aikinsa sun bayyana wannan hanya a 1990, bayan nazarin yadda ake raba wa masana taurari lokacin amfani da na'urar hangen nesa ta Hubble.

Ita ma tana da rauni. Takan maƙale inda kowane sauyi ke ƙara ɓata abu, sai a sake farawa daga wani jadawalin. Kuma in babu mafita sam, ba za ta faɗa maka ba, nema kawai za ta yi ta yi.

Shi ya sa ake iya haɗa su: a tankaɗe tukuna, sannan a gyara abin da ya rage. In duk da haka jadawalin ya ƙi fitowa, wataƙila sharuɗɗan ne suka yi tsauri, sai makaranta ta ƙara zaure ko ta ƙara kwana.