Juya Na Biyu, Sannan Ka Ninka

A kasuwar Mashi, in aka ce a raba gero tiya uku, kowa ya samu rabin tiya, babu mai awon da zai tsaya dogon tunani: mutum shida ne. Ya raba 3 da 1/2 ke nan, ta hanyar ninka 3 sau 2. Wannan ita ce dokar da ke ba ɗaliban sakandare tsoro a jarrabawar WAEC da NECO, sai dai a can an cusa haruffa cikin lambobin.

Ga misali: (x² − 9)/2x, a raba da (x + 3)/4x. Da farko a juya na biyun, ƙasansa ya koma sama, alamar rabawa ta zama ta ninkawa. Kada a yi garaje a hau sokewa. A warware x² − 9 tukuna, ya zama (x − 3)(x + 3). Yanzu (x + 3) yana sama yana ƙasa, sai a soke shi. 4x bisa 2x kuwa 2 ne. Abin da ya rage shi ne 2(x − 3). Mai shakka ya sa 5 a madadin x: 16/10 a raba da 8/20 zai ba da 4, amsarmu ma 4.

Inda yara ke faɗawa rami shi ne soke abin da aka tara maimakon abin da aka ninka. Yaro ya ga (x + 3)/3 sai ya kashe ukun nan biyu, ya rubuta x. In x shida ne, 9/3 uku ne, ina shida ta fito? Haka kuma x a misalinmu na sama ba zai zama 0 ko −3 ba, domin ba a raba abu da sifili. Da yawa suna mantawa da rubuta wannan sharaɗi.

Ni dai ina ganin kuskure ne a ɗauki fannin nan na aljabara a matsayin baƙo. Littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, wanda ya kafa tushen aljabara, babban kasonsa kan gado da wasiyya ne. Malamin zaure da zai fitar da tumunin mata da sudusin uwa, 24 yake nema a matsayin asalin mas'ala, mata ta ɗauki 3, uwa 4. Katsina ma ta fitar da masanin lissafi, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.