Kafin Mu Cika Ledar Dashen Gora, Mu Duba Inda Muka Ɗebo Ƙasa

'Yan'uwa manoma na Karaye da Rogo, da yawa cikinmu na sha'awar dasa gora a bakin rafi da gefen fadama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya ƙaru a yankinmu, buƙatar sandunan rumfa da darni da kwando ma ta ƙaru. Gora kuma tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Sai dai akwai kukan da muke yawan ji: an zuba taki, ana ban ruwa safe da yamma, amma dashen ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya. Sau da dama laifin yana cikin ƙasar da aka cika leda da ita.

Tsirrai ba sa zama da juna haka kawai. Wasu na fitar da sinadarai ta saiwa, ko ta ganyen da ya zuba ruwan sama ya jiƙa, sinadaran kuma su shafi maƙwabtansu. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, shi ya raɗa wa abin suna alelofati a 1937. Mu ma mun san irinsa a gona. Ƙwayar ƙuduji tana iya kwanciya a ƙasa shekaru, ba ta tsira sai ta ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa.

Wanda ya fi damun mu a nan shi ne itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Daga Ostireliya aka kawo shi, aka dasa shi da yawa a Arewa don kare iska. Ku murje ganyensa ku shinshina: wannan ƙamshin mai ne, kuma man nan tare da wasu sinadarai masu tsami na taruwa a ƙasar gindinsa. Ƙasar kuwa baƙa ce, ga laushi, ga ta kusa da gida, shi ya sa yara suka fi ɗebo ta idan an aike su. Babbar gora ba ta cika damuwa ba. Ƙaramin dashe kuwa siraran saiwoyi kaɗan gare shi, su sinadarin ke fara taɓawa, sai su kasa tsawo, su kasa shan ruwa da abinci ko da suna cikin taki. A cikin leda kuma ba inda saiwa za ta guje.

Ba duka laifin ne na sinadari ba. Turare na da shan ruwa, ga inuwa. Amma ledar da aka ajiye nesa da itacen ba ta da waɗannan matsaloli biyu, don haka idan ita ma ta ƙi girma, ƙasar za a tuhuma. Gora da kanta ma tana yi wa 'ya'yanta haka: a ƙasar Sin masu bincike sun ga irin waɗannan sinadarai na taruwa a tsofaffin gonakin gora.

Gwaji mai sauƙi ne. Ku jiƙa busasshen ganyen turare cikin bokiti kwana 2. Ku shuka masara ƙwaya 10 a kwano ɗaya, 10 a wani, cikin yashi. Ɗaya ku riƙa ba shi ruwan ganyen, ɗaya ruwan rijiya. Bayan mako guda ku tuge, ku gwada tsawon saiwoyin.

Shawararmu ita ce a ɗebo ƙasa daga buɗaɗɗiyar gona ko gindin gawo, a haɗa kashi 2 na ƙasa, 1 na yashi, 1 na taki. Takin kuwa ya zama wanda ya ruɓe sarai, domin ƙananan halittun cikin ƙasa su ne ke narkar da sinadaran, kuma aikin yana cin watanni. A huda gindin leda ruwa ya riƙa wucewa, a kuma share ganyen turaren da iska ta kawo wurin reno.