Masu Bin Sawun Sanƙarau

A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar cewa cutar da ake zargin sanƙarau ce ta kashe mutum 26, mafi yawansu a Gwandu. Kafin a kai ga wannan adadi, sai da wani ya bi asibiti-asibiti, ƙauye-ƙauye, yana rubuta shekarun majinyaci, ranar da zazzaɓi ya fara, ko wuya ya sandare, da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Wani kuma ya zuƙi ruwan gadon baya da allura, aka aika ɗakin gwaji na ƙasa a Abuja.

Wannan aiki ba a ƙwarewa a kansa a aji. Shi ya sa shirin NFELTP, wanda Nijeriya ta kafa a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, yake horar da likitocin mutane da na dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji na shekara biyu, kashi uku cikin huɗu na lokacin a fagen aiki. Ɗalibi yana ƙarƙashin wani gogagge, kamar yaron maƙera a gindin zugazugi. Zai kawo jerin sunaye yana murna, malamin ya tambaye shi yadda ya bambance sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. In amsa ta gagara, sai ya koma ƙauyen.

Ɗaliban shirin sun yi aiki a gubar dalma ta Zamfara a 2010, sun bi sawun Ebola a Legas a 2014.

Kebbi ta san amfanin irin wannan ido. Bayan rigakafin MenAfriVac ya karya lagon nau'in A na ƙwayar sanƙarau, sai nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Kebbi a 2015. Ba don gwaji ba, da an yi ta allurar da ba ta dace da cutar ba.

A jihar Kebbi, garin Kalgo yana da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da babban asibitin jiha, wato ga ɗalibai ga majinyata. Sai dai mutumin da ya fi cancantar malami a kusa shi ne jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda rahoton farko yake fitowa daga hannunsa. Akwai kwas na wata uku domin irinsa. Ya kamata a yi masa shi kafin hunturu, don ƙurar rani ce ke buɗe wa sanƙarau ƙofa.