Lauyan Gwamnati a Ƙararrakin Gurɓatar Ruwa: Iyakar Wakilcinsa a Fiƙihun Malikiyya

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kogin Jakara yana ratsa birnin Kano ya kwashi ruwan kwatami, sannan rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ciki har da na jimar fata. Daga nan ya nufi madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, kuma da wannan ruwa ake noman rani, a shayar da dabbobi, a kama kifi. Binciken masana, har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna akwai dalma da kiromiyam da kadmiyam a ruwan da ƙasar da kayan lambun. Waɗannan sinadarai suna taruwa a jiki sannu a hankali, suna lahanta ƙoda da ƙashi da ƙwaƙwalwar yara.

Da al'ummar yankin za su maka gwamnati a kotu bisa sakaci wajen sa ido, lauyan Ma'aikatar Shari'a ne zai tsaya ya kāre ta, kuma sau da yawa Musulmi ne mai neman halal a albashinsa. Wannan maƙala tana bayanin abin da ya halatta gare shi da abin da bai halatta ba.

Hujjojin da aka saba kāre gwamnati da su

Hujjojin galibi uku ne. Ta farko ita ce rashin hurumi: sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kāre ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya taƙaita ikon kotu a kansa. Sai dai a 2018 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta kai kamfanin NNPC, ta faɗaɗa damar shigar da ƙarar muhalli. Ta biyu ita ce ƙurewar lokaci: dokar kāre jami'an gwamnati ta ba mai ƙara wata uku kacal, amma idan cutar mai ci gaba ce, sai ta tsaya ake fara ƙirga. Ta uku ita ce musun sababi, wato cewa mai ƙara bai tabbatar da ruwan ne ya jawo ciwonsa ba.

Amurka ta ga irin wannan a sansanin soja na Camp Lejeune, inda aka sha gurɓataccen ruwa daga 1953 zuwa 1987. Lauyoyin gwamnati sun sa an kori ƙararrakin farko da dokar wa'adin shekara goma. A 2022 majalisa ta yi doka ta kau da wannan shinge, ta kuma sassauta nauyin hujja, sai masu neman diyya fiye da 400,000 suka fito. Korar farko ba ta share cutar ba, jinkirta haƙƙi kawai ta yi har wasu masu shi suka rasu.

Hukuncin wakilci a husuma

Asalin wakilci a husuma halal ne, kuma karɓar lada a kansa halal ne. Gwamnati ma tana da haƙƙin a saurare ta, domin dukiyar da ake nema ta baitulmali ce, kuma a taron dubban masu ƙara ba a rasa wanda ya ƙara gishiri. Amma aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana tsayawa ana jayayya domin maha'inta, kuma daga gare ta Alƙali Ibnul Arabi ya fitar a Ahkamul Ƙur'an cewa wakiltar mai ɓarna a husuma ba ta halatta. Hadisin Ummu Salama a Bukhari da Muslim ya nuna wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya zance, yankin wuta aka yanka masa, ko da alƙali ya yanke masa. Ashe ma'aunin shi ne abin da lauya ya sani a ransa.

Auna hujjojin uku

Musun sababi ya fi kusa da halacci. Nauyin hujja a kan mai da'awa yake, kuma malamai, irin su Ƙarafi a Alfuruƙ, sun bambanta wanda ya ɓata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Mai zuba dagwalo shi ne kan gaba a lamuni, mai sakaci a sa ido yana bayansa. Don haka lauya yana iya neman gwajin jini da rahoton likita, ya kuma nemi a shigo da masana'antu cikin ƙarar. Amma idan rahoton hukumar muhalli yana hannunsa yana tabbatar da gubar, ɓoye shi ɓoye shaida ne, wanda aya ta 283 a Suratul Baƙara ta haramta.

Ƙurewar lokaci tana da makamanciya a mazhaba, wato hiyaza, inda shirun shekara goma ba tare da uzuri ba yake hana a saurari da'awa a kan ƙasa. Sai dai hiyaza tana rufe ƙofar kotu ne, ba ta halatta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne. Haka kuma wasu malaman Malikiyya sun ce cutar da take ƙaruwa da zamani, kamar ta masai, ba a mallakarta da daɗewa. Gubar da ke taruwa a madatsa shekara bayan shekara tana cikin wannan babi, kuma manomin da bai san abin da ke cikin ruwansa ba, ba a ɗaukar shirunsa a matsayin yarda.

Rashin hurumi kuwa, faɗa wa kotu abin da doka ta ce ba laifi ba ne. Laifin yana wajen amfani da shi, ko da neman ɗage zama ba dalili, domin a gajiyar da talakan da kuɗin motar zuwa kotu ma yake masa wuya.

Amanar baitulmali

Lauyan gwamnati amini ne a kan dukiyar jama'a, kuma masu ƙarar suna cikin jama'ar. Masu sira sun ruwaito cewa bayan abin da ya faru da Banu Jazima a hannun rundunar Khalid ɗan Walid, Annabi (SAW) ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyyar rayuka da dukiyar da ta salwanta. Biyan haƙƙin da ya tabbata ba asarar baitulmali ba ne, yana cikin abin da aka tara shi dominsa.

Kammalawa

Ya halatta ga lauyan gwamnati ya tantance kowace da'awa, ya ture ta ƙarya, ya yi jayayya a kan adadin diyya. Idan cutar ta tabbata a wurinsa, wajibinsa ya rubuta wa Babban Lauyan Jiha shawarar sulhu da biyan magani da tsayar da zubar dagwalon, domin gusar da cuta yana gaba da biyan diyyarta. Idan aka tilasta masa musun abin da ya sani, sai ya nemi a sauke masa wannan shari'ar. Allah ne Mafi sani.