Shan Man Ƙaramar Jif: Lissafin Takarda da Lissafin Burji

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, tambayar farko a bakin mai sayen mota ta canza. Da lafiyar inji da giya ake fara tambaya, yanzu kuwa sai ka ji an ce, "Yaya shan manta?" Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama.

A ƙasar Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunci da Minjibir, duk wanda Allah ya hore wa abin sayen motar hawa yakan karkata ga ƙaramar jif irin Toyota RAV4 ko Honda CR-V, yawanci 'yar Kwatano da ta gama zamaninta a Amurka ko Turai. Dalilinsa a fili yake: ƙasanta a ɗage yake, tana shiga inda ƙaramar mota za ta bar salansa a hanya. Dillali kuma ba ya rasa ta cewa: "Ranka ya daɗe, wannan ai shinshinar mai take yi." Idan mai sayen ɗan boko ne, sai ya buɗe waya ya ga hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta rubuta wa RAV4 ta 2010 mai inji lita 2.5 mil 22 a galan cikin gari, mil 28 a babban titi, mil 24 idan an haɗa. A ma'auninmu, kusan kilomita 9 ke nan a lita cikin gari, kusan 12 a titi, 10 da ɗoriya a haɗe. Bayan wata guda da sayen mota, sai ya fara zargin ko dai tanki na yoyo, ko yaron da yake aike yana zuƙe masa mai.

Galibi babu ko ɗaya. Adadin da ke takarda ba a kan hanya aka samo shi ba. A cikin ɗakin gwaji ake ɗora sabuwar mota a kan wasu manyan gammunan ƙarfe masu juyawa, tayoyi na gudu amma motar na wuri guda, direba yana bin tsarin gudu da tsayawa da allo ke nuna masa, na'ura kuma tana auna hayaƙin da ke fita don a gane man da aka ƙone. Tsohon gwajin Turai, NEDC, tafiyar kusan kilomita 11 ce cikin minti 20, babu esi, babu lodi, babu gangare ko hawa. Cibiyar bincike ta ICCT ta nuna cewa ratar da ke tsakanin wannan gwaji da abin da direbobin Turai ke gani a zahiri ta tashi daga kusan kashi 9 cikin ɗari a 2001 zuwa kusan kashi 42 a 2015. Shi ya sa a Satumban 2017 aka kawo sabon gwaji, WLTP, mai minti 30 da kilomita 23, a ɗaki mai ɗumin digiri 23. Duk da haka, rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya ce motocin fetur da dizal suna shan kusan kashi 20 cikin ɗari sama da abin da aka rubuta musu. A Turai fa, inda kwalta take sumul. Amurkawa sun fi kusantar gaskiya, domin tun 2008 suka sa esi da sanyi da gudu mai ƙarfi cikin lissafinsu, amma a can ma kamfanoni ne ke yin gwajin, hukuma ta sake duba kaɗan daga ciki. A 2012 Hyundai da Kia suka amsa cewa sun zuzuta adadinsu, aka ci su tarar dala miliyan 100 a 2014.

To, ɗauko wannan adadi ka kawo shi arewacin Kano. Ƙasa ce da gona ke haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazari a kai tun shekarun 1960. Ga mai mota, ma'anar wannan ita ce tafiyarsa gajera ce kuma a yayyanke: daga gida zuwa gona, daga gona zuwa kasuwa, a tsaya gaisuwar rasuwa, a kauce wa amalanke, a jira garken awaki ya tsallaka, a rage gudu a tudun da kowane gari ya gina a bakin makarantarsa. Ba tuƙin birni ba ne, ba kuma na babban titi ba ne, don haka babu ɗaya daga cikin adadin biyu da ya dace da shi. Inji ya fi shan mai a mintocin farko kafin ya yi zafi, mai tafiyar kilomita biyar-biyar kuwa kullum cikin waɗannan mintoci yake. Ko a titin Kano zuwa Daura ta Dambatta da Kazaure, ko na Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ranar kasuwa takan mai da kilomita ɗaya tafiyar rabin sa'a, inji na kaɗawa, mai na tafiya, allon kilomita bai motsa ba.

Da ka sauka daga kwalta kuma, labari ya sake. A cikin yashi taya nitsewa take yi, kullum tamkar tana hawa ɗan tudun da ita kanta ta tara a gabanta, mota na giya ɗaya ko biyu, totur a take. Da damina taɓo ya karɓi aikin yashi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi esi kaɗai na iya cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da lita ke kai mota, musamman a gajeriyar tafiya. Ita ce kuma ta ƙiyasta cewa kowane ƙarin kilo 45 yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Buhun taki ɗaya ke nan da ɗan ragi. Sai ka lissafa mutum biyar, buhun gero biyu a but, da kaya ɗaure a bisa rufi suna tare iska.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar da ake yi wa motar da sunan gyara. Mota mai shekara goma sha biyar dama ta gaji, sai wani bakanike ya cire mata na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, ya haɗa fanka kai tsaye, yana cewa, "Alhaji, wannan don ƙasar sanyi aka yi shi." Daga nan injin ya daina kai zafin da aka tsara masa da wuri, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara masa mai. Haka idan aka farke tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, don a sayar da ƙarfe mai tsada da ke cikinta: sau da yawa na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta yawan man da za ta saki takan lalace ko a watsar da ita. Fitilar gargaɗin inji ta kama, a liƙe ta da baƙin salatif. Tsofaffin fulogogi, burki mai kamawa da taya marar isasshiyar iska duk suna da nasu kason. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe kuwa, a motocin zamani ƙarfi ta fi ragewa, ba mai ta fi ci ba, ko da yake sauya ta wajibi ne don lafiyar inji.

Akwai kuma man da aka biya amma bai shiga tanki ba. Famfon da aka taɓa yakan nuna lita goma ya zuba tara, abin da hukumar kula da harkar man fetur, NMDPRA, ke rufe gidajen mai a kansa. Galan ɗin ɗan bumburutu a bakin hanya ma ba kullum yake cika lita huɗu ba, balle a yi maganar abin da aka gauraya a ciki.

Adadin takarda yana da amfani guda: gwada mota da mota, tunda ma'auni ɗaya aka yi musu, muddin takardun na ƙasa ɗaya ne kuma na tsarin gwaji ɗaya. Amma sanin shan man motarka sai da awonka, kuma yawancinmu ba ma yi, domin da naira muke sayen mai ba da lita ba. "Zuba na dubu goma," sai a wuce. Awon ba wuya. Ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, ka mai da ƙaramin allon tafiya sifili, ka yi harkokinka yadda ka saba, sannan ka koma wannan famfon dai ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Idan motar Amurka ce, duba da kyau, mai yiwuwa mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 tukuna. Misali, idan ka yi kilomita 300 kuma lita 40 ta shiga, kilomita 7.5 kake samu a lita, alhali takarda ta ce lita 30 za ta isa. A farashin naira 1,000, ƙarin naira 10,000 ke nan a kowace irin wannan zirga-zirga. Kada ka dogara da adadin da allon mota ke nunawa, yakan yi sassauci. Ka yi awon da rani, ka yi da damina, ka rubuta a ɗan littafi, domin ranar da adadin ya faɗi ba tare da hanya ko lodi sun canza ba, ranar ce ya kamata ka nemi bakanike mai na'urar duba kwamfutar mota.